Abin da Kachalla Ke Cewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Baba ta daina kumburi. Ni na yi mura, ta tafi. An ba mu sakamakon jarrabawa, na ci komai, sai lissafi da na tsallake da kyar.

Direban da ke kai muku bututu ya kawo takardarka, na gode. Sai dai kar ka ji haushi, Yaya. Ka rubuta "ina kwana a kasa," na daɗe ina tunanin me ka kasa kafin na gane ƙasa kake nufi. In kana sauri ba ka sa wa haruffa ƙugiya, kuma kana manne kalmomi kamar takardar za ta ƙare maka.

Malamar kimiyya ta sa mu rubuta yadda ake tace ruwa, sai na rubuta aikin Baba. Na ce duk ruwan wanka da wanki na unguwa babban bututu yake biyowa, ya kwanta a rami dauɗa mai nauyi ta zauna. Daga nan ya shiga tafkin kachalla baƙi ƙirin yana wari, ya wuce na kainuwa, ya wuce na ciyawar jema, ya fito garau masu lambu su ja. Ba inji, ba magani, ciyawa ce ke shanye dauɗar. Malama ta tashe ni a gaban aji ta ce, to ina dauɗar take zuwa? Na san amsar, amma ka san ni, muryata ta maƙale. Amsar ita ce tana jikin ciyawar, shi ya sa ake yanke ta a kwashe.

To, abin da ya sa na rubuto ke nan. Baba bai yanke ba. Ya gyara na kainuwa, ya gyara na jema, amma tun rasuwar Inna lauje bai taɓa tafkin farko ba. Kachallar ta fi tsayin rufin ɗakinmu, ta cunkushe, ba ka hango ɗaya gefen. Na ɗauko masa laujen na ajiye kusa da takalmansa na roba, ya mayar da shi bayan ƙofa. Da na yi ƙarfin hali na tambaya, sai ya ce, "Auta, watannin nan da kika yi kina yi wa innarki wanka a roba, ina kike zuba ruwan?" Na ce a kwata. Ya ce, "To ina kwata take zuwa?"

Ban da wannan, lafiyarsa ƙalau. Yana cin abinci, yana zuwa aiki, yana gaisawa da mutane. Wataƙila ni ce mai yawan tunani. Ka gaya mini abin da ka gani.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Malama Ƙugiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ni ma ƙalau nake, sai rana da ta mai da ni kamar gindin tukunya. In na dawo sai kin haska fitila kafin ki gane ni. Ki gaida Baba, ki ce ya rage tsayuwa a kan ƙafar nan.

Ga shi na zauna a kan bokiti na bi kowane harafi na rataya masa ƙugiyarsa, har abokan aikina suna tambaya ko wasiƙar budurwa nake rubutawa. Na ce a'a, ta alƙaliya ce. Lissafi kuwa kar ki damu, gado ne, ni ma ban taɓa ganin bayansa ba.

Maganar Baba, ki yi masa haƙuri. Kowa da inda yake ajiye kukansa. Ni nawa a cikin rami nake yi, in na sunkuya ɗaura bututu ba mai gani. Shi ya ajiye nasa a kachalla. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa ciyawar nan ba ta mantuwa, abin da ta sha yana jikinta. Yanzu maganarsa ce ta juyo ta kama shi.

Amma ba za a bar ta haka ba. In ta yi yawa tsofaffin ganye suna faɗawa su ruɓe, hanyar ruwa ta toshe. Ki je wurin abokinsa Mai Lambu, shi ne ke iya gaya wa Baba gaskiya ya kwana lafiya. Na san gaishe shi ma aiki ne a wurinki. Ki kalli tumatirinsa ki yi magana, ba sai kin kalli fuskarsa ba.

Nan babu waya, sai mutum ya hau dutse yana ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Ki ci gaba da ba direba takarda.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Mu ma lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, direba ya daɗe bai biyo ta nan ba. Ƙafar Baba da sauƙi, amma ya rame kaɗan.

Na je wurin Mai Lambu, na kalli tumatir kamar yadda ka ce. Ya zo ya sami Baba ya ce, "Mai Ruwa, wannan daji da ka tara, kura za ka yi kiwo a ciki?" Baba ya yi dariya ya ce sai an kwana biyu. Mai Lambu ya ce kwana biyun Baba ya fi na kowa tsawo. Suka rabu a haka.

Yaya, akwai abin da ban san yadda zan rubuta ba. Ka tuna katakon nan da ya shiga cikin tafkin farko, wanda kuke tsayawa a kai in za ku duba zurfin ruwa? Kullum in na dawo daga makaranta da tsakar rana, a ƙarshensa nake samun Baba. Ba ya riƙe da sanda, ba ya duba komai. Yana tsaye ya karkatar da kai, kamar mai sauraron rediyon maƙwabta.

Shekaranjiya na je na tsaya a bayansa da jakata. Rana ta take, babu iska ko kaɗan, rigar da na shanya ma ba ta motsi. Amma can tsakiyar kachallar akwai wuri ɗaya da ke kaɗawa shi kaɗai. Kuma kwaɗin nan da ke hana mu barcin rana duk sun yi shiru. Suna kuka a na kainuwa, suna kuka a na jema, a nan ko ɗaya.

Na ce, "Baba, abinci zai huce."

Ya ce, "Kin ji?"

Na ce ban ji komai ba.

Ya ce, "Ƙaraso take cewa."

Ka tuna, ai. In ya dawo daga aiki ya tsaya bakin ƙofa yana fama da takalman roba, Inna ba ta barinsa ya taka mata ɗaki sai ya cire. Yana cirewa sai ta ce, "Ƙaraso mana, Mai Ruwa, ka tsaya kamar baƙo." Na kama hannun rigarsa, ya biyo ni ba musu, ya ci abincinsa har ya ce gishiri ya yi daidai.

Abu na biyu, ruwan tafkin yana hawa. Da akwai tazara tsakaninsa da katako, yanzu saura kaɗan ya taɓa. Ina jin toshewar da ka faɗa ce. Ƙarfen nan mai kama da sitiyarin mota da ke ƙarshen tafkin, wanda ke sakin ruwa zuwa na kainuwa, a ɗan buɗe yake kamar kullum. Baba ya ce kar kowa ya taɓa shi. Ni kuma tsoro nake ji wata rana katakon ya yi santsi yana kai. In na murɗa sitiyarin ruwan zai sauka, ko? In murɗa, ko in bari? Abin da ka ce shi zan yi.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan. Ban ga amsarka ba, ban sani ba ko waccan ta iso. Wani yaron mota na ba, ya ce zai ba direbanku.

Ruwa ya hau kan katako. In Baba ya tsaya, yana rufe masa idon sawu. Ya fara amsa wa muryar. Ba da ƙarfi ba, kuma ba maganar mahaukata ba ce. Jiya na ji ya ce, "To ta ina? Kin ga ruwan ba kyau." Sai ya yi shiru kamar ana ba shi amsa, ya gyaɗa kai.

A makaranta ba na jin abin da ake koyarwa. Ana tashi nake gudowa, ƙawayena suna cewa ko na ɗora tukunya ne. Daga kwanar layinmu nake fara neman hularsa a saman ciyawa. In na hango ta sai in rage sauri.

Don Allah ka amsa mini maganar sitiyarin.

Auta

*

Auta, wasikunki biyu yanzu suka zo tare, direba ya tada mota. Kara bude sitiyarin. Zan rubuto dalili. Yayanki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba. Ni lafiya, sai dai tun jiya hankalina yana wurinku. Motarmu ce ta lalace, shi ya sa takardunki suka kwana a aljihun direba har suka yi laushi. Jiya a jikin mota na rubuta miki layi biyu cewa kar a buɗe sitiyarin. Yau ga dalilin, zan ba mai kawo mana ruwan sha ya kai tasha.

Ki saurare ni da kyau. Ruwan nan da kike tsoro, shi ne katangar da ke tsare Baba. Mutum ne da ya san abin da ke cikinsa, ba zai taɓa shiga ya kai masa ƙugu ba, ko wa ya kira shi. Ke da kanki kin ji ya ce ruwan ba kyau. Amma in aka sauke shi, abin da zai fito laka ce ta shekaru. Rana tana dukanta na 'yan sa'o'i sai samanta ya yi ɓawo, ya tsattsage, ki rantse ƙasa ce. Ƙarƙashi kuwa kunu ne, kuma a tsakiya ya fi tsayin mutum. In aka taka ta tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa hanci ya daina jin ta, sai jiri, sai mutum ya zauna. Ina yaro na ga akuya ta shiga, ba ta ko yi kuka ba.

Ban da haka, in aka saki ruwan da ƙarfi baƙar dauɗar za ta afka wa kainuwa, ta wuce har lambun mutane.

Maganar murya kuma. Karan kachalla rami ne da shi a ciki, ta nan take kai iska ga saiwarta. In laka ta yi zafi da tsakar rana tana yin gyatsa, iskar ta biyo tsakanin karan, busassun ganye su goga juna. Shi ne kaɗawar da kika gani ba iska, shi ne kuma ya kori kwaɗi. Wanda ke kewar mutum zai ji sunansa ma a ciki. Ban ce Baba ƙarya yake yi ba. Na ce kunne yana da yunwa kamar ciki.

Na roƙi shugaban aikinmu hutu, ya ce in bi mota ta gaba. Kafin nan ki bar komai yadda yake. Ki roƙi Mai Lambu ya riƙa zama da shi da rana. Kin yi ƙoƙari, Malama. Saura kaɗan.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Zan fara da abin da za ka fi son ji: Baba yana da rai, yana ɗaki yana barci. Ni ma lafiya. Wataƙila ku yi saɓani da wannan takarda a hanya. Duk da haka zan rubuta, don da baki ba zan iya ba.

Doguwar wasiƙarka ta iso bayan komai ya wuce. Gajerar ce ta riga ta. Na karanta ta a tsaye a bakin titi. Babu ƙugiya ko ɗaya a cikinta, har "wasiƙunki" da "buɗe" ba ka sa musu ba. Sai na yi abin da na saba yi wa rubutunka, na sa maka su da kaina. Na karanta "ƙara buɗe sitiyarin." Ban ko yi tunanin kalmomi biyu ne ka manne ba. Har daɗi na ji, na ce Yaya ya yarda da ni.

Da safe Baba ya tafi duba bututun unguwa. Na sa kayan makaranta na je. Sitiyarin ya yi tsatsa, sai da na zura masa ƙarfe na rataya da duk nauyina. Ya yi ƙara ya juya. Na ji ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙafata, na wanke hannu na tafi aji.

Da aka tashi na taho. Daga kwanar layi na nemi hularsa, ban gani ba.

Yaya, ruwan ya tafi. Tafkin ya zama fili mai toka-toka, ya tsattsage kamar yadda ka faɗa. Daga ƙarshen katako kuma kachallar ta rabu biyu, hanya ta miƙe har tsakiya, kamar tsagar da Inna ke yi mini a kai in za ta yi mini kitso. Na san za ka ce nan ne ruwa ya saba bi. Wataƙila haka ne.

Takalmansa na roba suna kan katako. Ya jera su gefe guda, bakinsu yana kallon waje, yadda yake ajiye su a ƙofar ɗaki.

Shi yana cikin hanyar. Laka ta kai masa cinya. Ba ya kokawa, yana dai ciro ƙafa a hankali yana ƙara gaba, duk taku ya ƙara nutsewa. Na bi katakon har ƙarshe. Warin ya buge ni, can kuma na daina jin sa.

Na ce, "Baba."

Bai juyo ba. Ya ce, "Yi shiru, Auta, tana magana."

Na yi shiru. Babu iska. Laka tana ɓulɓulo da ƙananan kumfa a gefensa, ganyen da ke gabansa yana kaɗawa. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Ina jin gajerar takardarka ce, da na kwana ina dubawa.

Na ce, "Na ji ta, Baba. Amma ba abin da kake ji take cewa ba."

Sai ya juyo da kai.

Na ce, "Kar ka zo take cewa. Saurara da kyau. Farkon ba mai ƙugiya ba ne."

Ya ce, "Ke da ƙugiyarki."

Na ce, "Ni ce ta ɗaya a ajinmu a wannan, Baba. Ban taɓa faɗuwa ba."

Ya mayar da kai ya saurara. Ya daɗe, har na ga kafaɗarsa ta fara karkata. Can ya ce a hankali, "Kar ka zo." Ya dubi jikinsa, ya dubi lakar da ta ɓata masa wando har ƙugu. Ya ce, "Halinta ne. Ba ta son a shigo mata da laka."

Ya yi ƙoƙarin juyowa, ƙafa ta ƙi fita. A nan na yi ihu. Ban san ina da irin muryar nan ba. Mai Lambu ya ce daga cikin tumatir ya ji, ya ɗauka mota ce ta taka wani. Ya zo da 'ya'yansa da tsani da igiya, suka kwantar da tsanin a kan laka, suka ja shi kamar ana cire rogo. Da suka fito da shi ya yi amai, ya zauna. Mai Lambu yana haki ya ce, "Mai Ruwa, na ce kura za ka yi kiwo, ashe kai ne kurar." Ba wanda ya yi dariya sai Baba.

An rufe sitiyarin. Rabin kainuwa ya yi rawaya, ƙananan kifaye sun taso ciki sama, masu lambu sun toshe hanyar ruwansu har sai ya gyaru. Na je na ba Mai Lambu haƙuri, wannan karon fuskarsa na kalla. Ya ce kainuwa dashen Allah ce, za ta dawo. Baba bai yi mini faɗa ba. Jiya ya ɗauko lauje daga bayan ƙofa ya zauna yana wasa shi. Ya ce tunda ta ce kar ya zo, ba amfanin ya bar mata ƙofa a buɗe. Kai yake jira ku yanke tare.

Saura abu ɗaya, kuma kai kaɗai zan gaya wa.

Na karanta bayaninka na kara da iska, na gane shi, zan iya rubuta shi a jarrabawa. Amma da na yi shiru a kan katakon nan, na saurara da gaske. Ka san kunnena a kan wannan. Akwai ƙugiya, Yaya. Na ji ta sarai, daga can cikin maƙogwaro, yadda Inna ke fitar da ita.

Kuma ga abin da ya hana ni sukuni. "Kar ka zo" namiji ake gaya wa. "Ƙaraso" ba ta zaɓar mace ko namiji. Karo na biyu da na ji ta, Baba ya riga ya juyo yana kallona, ni ce ke fuskantar hanyar. Ruwan wankan Inna kuma, ni na zuba shi da hannuna.

Yanzu ta bayan lambu nake zagayawa zuwa makaranta, ko da ya fi nisa. Ka zo da wuri. Ka zo da naka laujen, na Baba ɗaya ba zai isa ba.

Taka ƙanwa,
Auta